Maganin Yaya Na'ima

Auta mai gadi ne a wani dogon benen ofisoshi da ke West Bay. Aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa cikin shuɗin kaki yana duba katin masu shiga. Shekarar 2008 ce, lokacin da duk inda mutum ya ɗaga kai a Doha sai ya ga ƙugiyar gini. Tun da ya fara aikin bai taɓa neman hutu ba sai wannan karon, da ya ji yayarsa Na'ima za ta ratso ta garin a kan hanyarta daga Ingila zuwa Funtuwa. Mahaifiyarsu ce ta faɗi ta karye a ƙugu, tana ta kiran sunan babbar 'yarta. Mijin Na'ima, Malam Masahudu, yana koyarwa a wata jami'a a can Ingila. Shi ya nema mata bizar kwana guda da ɗakin otel don ta ga ƙanenta, ya tsaya da yara saboda makaranta.

Da yake Auta ba shi da mota, sai ya roƙi Rafiu, abokin ɗakinsa a tsohuwar unguwar Mushairib. Rafiu ɗan Zangon Kumasi ne, direban wani kamfanin gyaran esi. Ya yarda ya saci jiki da motar kamfanin da hantsi, da sharaɗin za a mayar da ita kafin la'asar.

An gaya wa Auta tana fama da ciwon ƙafa, amma bai zaci a keken marasa lafiya za a turo ta ba. A filin jirgi ya gane ta tun daga nesa. Ta rame, ta ɗora sanda a gefe, ta rungume wata ƙaramar jaka mai riƙe sanyi a cinyarta. Ya ƙarasa ya durƙusa a gabanta.

"Auta, kai ne har da gemu?" ta ce tana dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Sannu da hanya, Yaya. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Tashi mana, mutane suna kallonmu."

Rafiu ya karɓi akwatin yana cewa, "Hajiya, maraba. Ka gaji ko?" Ta yi murmushi jin ya ce mata "ka" irin ta mutanen Zango, ta amsa masa da fara'a.

Suka sa ta a kujerar baya, Auta ya zauna kusa da ita. Rafiu ya bi ta Corniche, titin da ya bi gaɓar ruwa, don ta ga teku. Tana kallon jiragen ruwa na katako da ke ɗaure a bakin gaɓa, tana tambayar Auta abin da yake ci da inda yake sallar Juma'a, sai ƙafarta ta dama ta fara rawa. Ta danne gwiwar da hannu, rawar ba ta tsaya ba. Ta zuge jakar ta ɗauko wata 'yar kwalba mai bakin feshi, ta ɗaga harshe ta fesa a ƙarƙashinsa.

Ƙanshin na'ana'a ya cika motar. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da Auta ya sani tun yana yaro, irin wanda ke tashi daga bayan tashar motar Funtuwa inda samari ke fakewa. Ya ga Rafiu ya ɗago ido ta madubi.

"Yaya, wane irin magani ne wannan?"

"Na ciwon nan ne. Likitoci suna kiransa MS. Yana cin jijiyoyin laka da na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙafafun ke sandarewa." Ta rufe kwalbar. "Ka tuna min, idan mun isa otel a sa sauran a firij."

"Da me ake yin sa?"

Ta dube shi, ta gane abin da yake tambaya. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Daga ganyen wiwi ake tace shi."

Ta ci gaba a hankali, kamar malamar makarantar da take kafin ciwon ya zaunar da ita. Ta ce asibitin da take zuwa ne suka nemi masu irin ciwonta su shiga wani bincike. Aka raba su gida biyu, wasu aka ba su maganin gaske, wasu aka ba su ruwa mai ɗanɗano iri ɗaya, kuma daga ita har likitanta babu wanda ya san wanne take sha. Ana auna ƙafarta, ana ɗibar jininta, ana tambayarta yadda take barci. Sai da aka gama aka gaya mata na gasken ta samu, aka kuma bar ta ta ci gaba da shi ƙarƙashin kulawarsu.

"Ni tun kafin su faɗa na sani," ta ce. "Na daɗe ban yi barci har asuba ba sai da na fara shi. Ba ya sa ni maye, Auta. Jiri kaɗan ne da farko, shi ma ya wuce. Na tambayi malamai kafin in shiga, suka ce lalura ce, kuma magani ne aunanne daga hannun likita."

"Yaya, ba maganar halal da haram nake ba. Nan ba Ingila ba ce. Yaya aka yi kika wuce da shi?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Turo ni kawai aka yi. Kuma ina da takardar likita, Masahudu ya tambayi masu sayar da tikiti suka ce ta isa."

"Masu sayar da tikiti ba su ne 'yan sanda ba."

Rafiu ya rage gudu. Muryarsa ta yi ƙasa kamar akwai mai saurare a cikin motar.

"Hajiya, ka yi haƙuri. A garin nan ba a wasa da wannan abu. Mun ji labarin mutane da aka kama da ɗan kaɗan, har yau ba su fito ba. Ga teku nan. In tsaya, Auta ya fita kamar zai sha iska, ya jefa shi, khalas, an gama."

Na'ima ta ƙara rungume jakar.

"Wata guda zan yi a Funtuwa. In na jefar da shi, jinyar Inna zan yi ko ita za ta yi tawa? Ba ku taɓa ganin yadda nake ba idan babu shi. Ƙafar nan takan murɗe har sai an zo an danne ni."

"Gobe ma sai kin bi ta filin jirgi," in ji Auta. "Sa'ar yau ba lallai ta dawo gobe ba. Kuma ko a Legas ba ki san me za a ce ba."

"To in yi yaya?"

Auta yana tunanin katin zamansa da ke aljihu, da fasfonsa da ke hannun kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, da Inna da ke kwance tana jira. Rafiu ya waiwayo zai ƙara magana daidai lokacin da suka shiga shataletale, ya taka birki don wata mota da ta yanko gabansa, sai wata babbar jif ta dake su ta baya.

Ba wani babban haɗari ba ne. Bayan motar ne ya lotsa, fitila ta fashe. Amma goshin Na'ima ya bugi kujerar gaba ya tsage, kuma girgizar ta tayar da ciwon gaba ɗaya. Ƙafafunta biyu suka miƙe suka sandare kamar itace, bayanta ya banƙare, tana cije leɓe tana salati a hankali. Auta ya riƙe kafaɗunta bai san inda zai taɓa ba.

Ba a matsar da mota bayan haɗari sai 'yan sanda sun zo sun gani. Motoci suka taru a baya ana ta hon. Direban jif ɗin, wani saurayi mai farar jallabiya, ya fito yana ba da haƙuri, da ya leƙa ya ga jini a fuskarta sai ya kira motar asibiti da kansa. Rafiu ya zagayo ta tagar Auta, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Kar ka bar min jakan nan a mota. Don Allah. Motan kamfani ne."

Auta ya ɗauki jakar ya rataya a kafaɗa. Da ɗan sandan hanya ya iso, idonsa ya bi ta kanta ya wuce, ya tambayi lasisin Rafiu. Aka ɗora Na'ima a gadon ɗaukar marasa lafiya, Auta ya shiga tare da ita, jakar a kan cinyarsa tana sanyaya masa fata ta cikin wando.

A asibiti aka shigar da ita bayan labule, aka ce ya jira a waje. Ya tsaya a barandar yana kallon ƙofar banɗaki da ke gabansa. Ba kowa a wajen sai wani mai goge-goge da ya juya baya. Zai iya shiga ya juye kwalaben a masai, ya ɓamɓare takardun jikinsu, ya fito hannu wofi. Har ya kama hannun ƙofar. Sai ya tuna yadda bayanta ya banƙare a mota, ya tsaya. Yana nan tsaye bai shiga ba bai koma ba, wata nas ta leƙo ta ce mara lafiyar tana kiransa, kuma ya zo da magungunanta.

An ɗinke goshin. Ƙafafun dai suna nan a sandare, suna karkarwa lokaci-lokaci. Likitan wani dattijo ne ɗan Sudan mai furfura, yana tsaye da allura a faranti. Ya ce cikin Turanci zai yi mata allurar da za ta saki jijiyoyin, amma sai ya san duk abin da ta sha yau.

Auta ya sunkuya kusa da kunnenta ya yi magana da Hausa.

"Yaya, ki ambaci ƙwayoyin da kike sha kawai. Ki bar wancan. Zan san yadda zan yi da shi."

"Allura zai yi min. In ta haɗu da abin da bai sani ba fa?"

"In kika faɗa, ba ke kaɗai ba ce. Ni na riƙo jakar."

Ta rufe ido. Wata karkarwa ta taso ta wuce kafin ta buɗe.

"Na sani. Ka yafe min. Amma abin yana cikin jinina, ko ka zubar za su iya gani, kuma a lokacin mun zama maƙaryata. Ban sato shi ba, ban saye shi a lungu ba. Miƙo jakar."

Ya miƙa mata. Ta zuge da kanta, ta ba likitan kwalbar da takardar asibitinta.

Likitan ya sa tabarau ya karanta jikin kwalbar, ya koma kan takardar, ya sake komawa kan kwalbar. Ya ajiye allurar da ya ɗauko, ya gaya wa nas ta kawo wata mai ƙarancin ƙarfi. Sai da ya yi mata ita, ya jira ƙafafun suka fara saki, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya ce ya karanta labarin wannan magani a mujallun likitoci, amma yau ne ya fara ganinsa da ido. Ya tambaye ta sau nawa take fesawa, ko yana taɓa mata tunani, ko ta taɓa dainawa ta ga abin da zai faru. Tana amsawa yana gyaɗa kai. Auta ya fara jin numfashinsa yana dawowa.

Daga nan likitan ya cire tabarau.

"Na yarda da ke, 'yar'uwa. Amma ba zan iya mayar miki da shi ba, kuma ba zan iya yin kamar ban gani ba. Dole in sanar."

Jami'in 'yan sandan da ya zo ba ya cikin kaki. Mutum ne mai sanyin murya, ya yi sallama, ya tambayi jikinta, ya jera kwalaben a kan tebur ya ɗauki hotonsu. Ya karɓi fasfonta. Sannan ya juyo ya tambayi wanda ya shigo da jakar asibiti.

"Ni ne," in ji Auta.

"Ka san abin da ke ciki?"

Ya ji Na'ima ta motsa a kan gadon.

"Na sani. A mota ta gaya min."

Jami'in ya miƙo hannu, Auta ya zaro katin zamansa ya ba shi. Aka kai shi wani ƙaramin ɗaki marar taga, aka ba shi robar gwajin fitsari, aka tambaye shi sunan kamfaninsu da lambar kafil. Aka tambaye shi ko ya taɓa sha, ko ta taɓa aiko masa da wani abu, ko waye direban da kuma yadda suka san juna. Ya faɗi abin da ya sani, ya roƙi kada a sa Rafiu a ciki, ya ce taimako kawai ya yi. Jami'in ya rubuta, ya fita ya ja ƙofa.

Azahar ta yi, ya nemi izini ya yi alwala, ya yi salla a kan wani kwali da mai goge-goge ya miƙo masa. La'asar ta yi yana zaune a wajen. Duk takun da ya ji a baranda sai ya dubi ƙofa. Yana ta ƙoƙarin shirya abin da zai gaya wa Inna idan aka ba shi waya, ya kasa haɗa ko jimla ɗaya. Da ƙofar ta buɗe, shugaban masu gadin kamfaninsu ne ya shigo, fuska a murtuke. Bai gaishe shi ba. Ya ce an kira ofis, manaja ya ji, kuma za su yi magana daga baya. Ya sa hannu a wata takarda ya tafi.

Rana ta yi sanyi kafin jami'in ya dawo ya ce ya biyo shi. Suka koma wajen Na'ima. Tana zaune an jingina ta da matashi, idanunta sun yi nauyi. Likitan yana gefe. Ashe tun rana yake kan waya, shi ya nemo asibitinta na Ingila, ya yi magana da likitar da ke kula da binciken, ya haɗa ta da jami'in, sannan ya rubuta nasa bayanin.

Jami'in ya ce ya kai maganar gaba, kuma ga abin da aka yanke. An tabbatar magani ne da likita ya rubuta mata, kuma ita ta bayyana shi da bakinta ba a bincike ta ba. Ba za a tuhume ta ba. Amma ba a shigo da irinsa ƙasar ba tare da izini tun kafin tafiya ba, don haka an karɓe shi, ba zai dawo hannunta ba. Za ta sa hannu, ta bi jirginta gobe. Ya juya ga Auta ya ce gwajinsa ya fito babu komai, ya miƙa masa katinsa.

"Da kun zubar a hanya mun gano daga baya, da maganar ta canza," ya ce. "Yalla, shi ke nan, Allah ya ba ta lafiya."

Na'ima ta bi kwalaben da kallo ana zuba su a leda ana liƙewa. Likitan ya rubuta mata wasu ƙwayoyi, ya gaya mata gaskiya cewa za su rage sandarewar amma za su kashe mata jiki, kuma ba za su kai wancan ba. Ya ce ta sha ruwa da yawa, ta guji zafin rana, kuma idan ta koma ta gaya wa masu binciken duk abin da ta ji bayan ta daina, domin su ma suna bukatar sani.

A tasi suka tafi otel. Auta ya kira Rafiu. Rafiu ya ce 'yan sandan hanya sun ɗora laifin haɗarin a kan mai jif, amma kamfani ya gano ya fita da mota ba izini, an karɓe makullin sai yadda hali ya yi. Auta ya ba shi haƙuri. Rafiu ya tambaya, "Hajiya fa, ya samu sauƙi?"

Washegari da safe Auta ya raka ta filin jirgi. Ƙwayoyin sun sa ta magana a hankali, hannunta ba ya iya riƙe kofin shayi sosai. Ya ba ta dabino da turaren da ya saya wa Inna. Kafin a tura ta ciki ta riƙe hannun rigarsa.

"Na zo ganinka na jawo maka."

"Ki bar maganar nan, Yaya. Ki gaida Inna. Kada ki gaya mata."

Ba a kore shi ba. An dai cire shi daga benen West Bay aka mayar da shi gadin ƙofar wani filin gini a bayan gari, inda babu esi sai rumfar kwano da tulun ruwa. Rafiu ya yi makonni yana ɗaukar kaya a sito kafin a mayar masa da mota, kuma ya daɗe bai saki jiki da Auta kamar da ba.

Ranar wata Juma'a Auta ya sayi katin waya ya kira gida. Ƙanwar babansu ce ta ɗauka, ta ce an shimfiɗa wa Na'ima katifa a ɗakin Inna, ciwon ya dawo mata sosai, wani lokacin sai an kira maƙwabta mata sun riƙe ta. Ta ce Malam Masahudu ya sauya mata tikiti, za ta koma da wuri, ta jirgin da ba ya tsayawa a ko'ina. Sannan ta kai mata wayar.

"Ya jikin, Yaya?"

"Muna nan ni da Inna, kowa na yi wa kowa sannu," ta ce, ta yi 'yar dariyar da ta katse a tsakiya. Ya ji tana jan numfashi, ya jira har ya wuce. "Jiya Inna ta taka da sanda har bakin ƙofa. Ni na ƙirga mata. Ga ta nan tana miƙo hannu, wai sai ta ji muryarka."

Wata babbar motar siminti ta tsaya a ƙofa tana hon. Auta ya maƙale wayar a kafaɗa, ya ɗaga mata sandar shiga da hannu ɗaya, yana cewa, "Inna, ina wuni."